Ticha ya tsallake babin atom, shin haka ake yi ko'ina?

Tela_Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah malaman makaranta da ke nan ku ba ni haske. Ɗiyata tana aji uku a SHS, wato babbar sakandare, sayans take yi, ga jarabawar WASSCE ta matso. Jiya bayan isha'i na tarar da ita a tsakar gida da fitilar waya tana haddar amsoshin pasko, wato tsofaffin tambayoyin jarabawa, kamar mai tilawa, na ce wane karatu ne wannan, ta ce babin atom da nukiliya ne na fiziks, wai ticha ya ce lokaci ya ƙure, su haddace amsa kawai tunda tambayoyin ba su cika canzawa ba. Na ce to shi elektron ɗin mene ne shi, sai ta yi shiru, can ta ce Baba mu dai haka aka ce mu rubuta. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Ni ban yi boko mai zurfi ba amma yaron da bai iya yanka ba ko ya iya taka keke ba na ce masa tela. Haka ake yi a sauran makarantu ko ita ce ba ta yi dace ba?

Malamin_Fiziks:
Wa alaikumus salam Baba. Ni ma aikin nake yi kuma ba zan ɓoye maka ba, abin da ta faɗa yana faruwa sosai. Babin yana ƙarshen littafi, kafin ka gama makaniks da zafi da haske da lantarki shekara ta tafi, ga ajin cike maƙil tun da aka fara Free SHS, karatun sakandare kyauta, a 2017, kai kaɗai da alli. Sauran babi kana iya ɗauko ma'auni da igiya da madubi ka nuna, shi wannan ba a ganin sa da ido, wasunmu ma a jami'a a allo kawai muka gan shi, to mutum yana jin nauyin tsayawa gaban yara da abin da shi kansa bai zauna masa ba. Amma fa rashin kaya ba hujja ba ne gaba ɗaya. Ni marfin kwalbar lemo nake sa su tara guda 100, mu zuba a gwangwani mu girgiza mu watsa a ƙasa, duk wanda ya kife a cire shi, saura kamar 50, a sake watsawa saura kamar 25, haka haka. Ba wanda ya san wane marfi ne zai kife amma kowa ya ga rabi ke tafiya kowane zubi, to haka sinadari mai fitar da radiyeshan yake raguwa. Minti 20 ya ishe mu kuma ba sa mantawa.

Dan_Asawase:
Ni fa ban ga abin damuwa ba Baba, ta ci jarabawa ta wuce kawai. Mu da dumso, wato ɗauke wuta, ya gama wahalar da mu ina mu ina nukiliya, a koya musu waya da gyaran mota su samu na waakye. Kuma na ji ana cewa irin karatun nan shi ke sa yara su fara tambayoyin da ba su dace ba game da halitta.

Mman_Sawaba:
Haba ɗana, kar ka ce haka. Ni na yi jinyar yayata da ciwon daji, wata da watanni muna zirga-zirga asibitin Komfo Anokye ana gasa mata wurin da na'ura, kafin a fara sai an auna an yi alama a jikinta an lissafa yawan hasken da za a ba ta, kuma wanda ke lissafin nan fiziks ya karanta. Ina zaune a benci ina cewa a raina ina ma a ce ɗan zangonmu ne a cikin ɗakin nan da zan yi masa tambaya da Hausa. Maganar addini kuma, duba yadda Allah ya tsara halittarsa ai ƙara tsoronsa yake yi, ni dai ban taɓa ganin wanda sanin atom ya hana shi salla ba.

Dalibin_Tek:
Mma ta gama magana. Yaya na Asawase, wayar da ka yi rubutun nan da ita ai 'yar wannan babin ce, da ita da solar da ke kan rufin masallatai, tushensu bayanin yadda haske da elektron ke aiki, Einstein ya yi rubutu a kan haka tun 1905. Kuma ba abin Turawa kaɗai ba ne, Nkrumah ya aza harsashin aikin atom a Kwabenya da ke Accra a 1964, yanzu haka akwai ƙaramin riyakta, wato injin nukiliya, na bincike a wurin, shi ya sa ma ake ce wa wata mahaɗar hanya ta wajen Atomic Junction. Farfesa Francis Allotey ɗan Saltpond, nan jami'ar KNUST ya koyar har duniya ta san shi a kan lissafin eksire, ya rasu a 2017. Abin da ke ba ni haushi mu kan taru mu yi ihu lokacin gasar sayans da lissafi a talabijin amma ba mai tambayar me aka koya wa sauran yaran da ba a zaɓa ba. Baba idan kana so ta kawo littafinta ranar Asabar, muna zama da ƙannenmu bayan la'asar muna bitar irin waɗannan.

Tela_Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri, Mma Allah ya ƙara wa yayarki lafiya. Zan turo ta in sha Allahu, ƙaninta zai rako ta. Malam ni kuma na sa yaran shago su fara tara marfin, yanzu muna da 37. Tambayata, dole sai iri ɗaya ne ko na kowane lemo zai yi?