An sallame ni daga aiki, kuɗin fanshona sun maƙale, ina mafita?

Assalamu alaikum jama'a. Shekara tara na yi ina aiki a wani kamfanin sarrafa kayan abinci a Kano. Watanni biyar da suka wuce aka rage ma'aikata, sunana na ciki. Ranar da za a ba mu takardar sallama sai da aka kawo mana wani mai jawabin zaburarwa, ya shafe awa guda yana cewa kora dama ce, kowa ya zama ubangidan kansa. Mun tafa masa, amma a raina na ce jarin fa?

Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa, idan ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Da shi na so in fara sarin hatsi a Dawanau. Da na je wurin masu kula da asusuna, sai suka nuna mini cewa watanni goma sha ɗaya na ƙarshe kamfanin bai zuba komai ba, alhali kowane wata ana yankar kashi 8 a albashina. Suka ce sai kamfanin ya biya ko ya rubuto wasiƙa. Sau uku ina zuwa ofishin kamfanin, kullum "oga ya yi tafiya".

To, in rubuta ƙorafi kai tsaye ga hukumar PenCom mai sa ido kan harkar fansho ne, ko in nemi lauya? Takardun albashina duk suna hannuna. Kuɗin hayar gida ya matso, don Allah wanda ya taɓa bin wannan hanyar ya faɗa mini ta ina ya fara.