Triniti da Hausa: me zai hana mu ce Ukuntaka?

Jama'a, ku taya ni duba wata kalma. Fassara nake yi na ci karo da Triniti, wato akidar Kirista cewa Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Na rubuta, na goge, har sau huɗu.

Farko na sa “ɗaya cikin uku”. Da na karanta da ƙarfi sai dariya ta kama ni, don a kunnen Bahaushe wannan lissafi ne, sulusi kenan. Ka ga na mai da Uba kashi guda, saura biyu. Babu Kiristan da zai yarda da haka.

Na juya shi, “Allah uku cikin ɗaya”. Ana faɗin haka, amma mai sauraro yakan tsaya a kan “Allah uku” tun kafin a kai ƙarshen maganar, alhali abin da akidar ke kaucewa kenan.

Wani malami ya ce in ɗauki “taslisi” daga Larabci. Sai dai ma'anarta mai da abu uku, kuma an fi jin ta a bakin mai musun akidar. Su kansu Larabawa Kirista “Salus” suke cewa. Ni ina ganin a fara kiran akida da sunan da masu ita za su amsa, gardama ta biyo baya.

Kalmar Triniti ma ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. A Matiyu 28:19 sunayen uku ne suka zo tare, wajen umarnin yin baftisma. Tertuliyan, wani marubucin Kirista mutumin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, shi ya fara yaɗa ta da Latin wajen shekara ta 200. Taron shugabannin ikkilisiya na Nikiya a 325 ya ce Ɗa zatinsa ɗaya da Uba, na Kustantiniya a 381 ya ƙara bayani kan Ruhu Mai Tsarki. Kuma ginin kalmar ba wuya: “uku” ce aka liƙa mata ɗafin da ke nuna hali.

To, ai mu ma muna da shi. Mutum, mutuntaka. Ɗaya, ɗayantaka. Uku fa? Ukuntaka. In ana tsoron ta tsaya ita kaɗai, sai a ce Ukuntakar Allah Ɗaya. A kan wannan na tsaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne: ukun nan, su mene ne? Zati ɗaya, wannan Hausa ta riga ta tanada. Amma “mutum uku” bai yi ba, don mutum a wurinmu ɗan Adam ne mai jini da tsoka. “Siffofi uku” ko “fuskoki uku” kuwa ya koma misalin ruwa da ƙanƙara da tururi, abu guda mai sauya kama, ra'ayin wani malami Sabeliyus da ikkilisiya ta ƙi tun ƙarni na 3.

Fastoci da malaman Hausa, wannan gurbin na bar shi a buɗe. Wace kalma kuke sawa?