Corolla tana shaƙewa in an taka totur: in sauya sansar iska ko in dakata?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum. Corolla 2006 ce, injin 1.8. Kwana goma ke nan in na taka totur sai ta shaƙe kafin ta ɗauka, ga shan mai, wutar cek injin kuma ta kama. An sa mata kwamfuta, ta ba da P0171. Bakanike ya ce sansar iska ce, wadda suke kira iyafulo, a sayo sabuwa. Filogi sabbi ne, wata biyu da sa su. Asabar zan yi Gusau. In saya ko akwai abin da za a fara dubawa?

Direban Illela: Sauya filogi da nozul, ka huta.

Rewaya Arkilla: Wa alaikumus salam. Malam Direba, ai ya ce filoginsa sabbi ne. Alhaji, P0171 ba ta ce sansa ta mutu ba. Cewa ta yi iska ta yi wa mai yawa. Lambobin da ke nuna sansar kanta su ne P0100 zuwa P0104. Ka koma wurin mai kwamfutar, injin ya yi zafi, a kashe AC, a karanta iskar da sansar ke gani a silo. Injin 1.8 yakan nuna giram 2 zuwa 3 a sakan. Sannan a dubi LTFT, wato man da kwamfutar motar ke ƙarawa don ta cike giɓi. In ya haura +10 a silo amma ya sauko da an taka totur injin ya kai juyi 2500 a minti, iska ce ke satar hanya, ta tiyon da ke tsakanin sansa da totur ko ta gasket ɗin manifol, kuma wannan injin an san shi da wannan. In kuwa a silo lafiya, sai an taka LTFT ɗin ke hawa, to sansa ta yi datti ko famfon mai ya yi sanyi.

Baba Garejin Kara: Yara da kwamfuta! Cire soket ɗin sansar, ka tada mota. In ta gyaru ita ce. Shekara talatin haka muke yi.

Rewaya Arkilla: Baba, da girmanka, wannan gwaji yana ruɗarwa. Da an cire soket, motar na komawa kan lissafin ko-ta-kwana, tana zuba mai da yawa. Ko tiyo ne ya tsage za ka ji kamar ta warke. Kuma zai bar sabuwar lamba a kwamfuta.

Baba Garejin Kara: Wanda bai taɓa sauke injin ba shi ke koya mini?

Mai Sienna: Ni dai gargaɗi ɗaya. Kar ka bari a wanke ta da fetur ko feshin kabireta. Sienna ce aka kai wani gareji da irin wannan matsala, yaron shago ya ciro sansar, ya zura tsinken ashana da auduga ya goge. Wayar da ke ciki siririya ce kamar gashi, ita ake zafafawa, iska na sanyaya ta, da haka ake auna iskar. Ya tsinke ta. Suka sayo wata a kwali mai kyau, dubu 18, ba ta yi mako ba motar ta soma baƙin hayaƙi. Aka ce nozul, aka sauya guda shida. Aka ce famfon mai, aka sauya. Ƙarshe ta tsaya bayan Bodinga da mata da yara cikin rana. Ba wanda ya ce a yi haƙuri, balle a mai da ko kwabo. Allah ya isa.

Ɗan Mabera: Subhanallah. To nawa ce ta gaske?

Mai Kayan Gyara: Beljiyam dubu 25. Ka duba lambar da ke jikin taka, ka sayi mai lamba ɗaya, Denso. Kama da juna ba ya wadatarwa.

Direban Illela: Dubu 25? An sayo ta dubu 12 watan jiya.

Mai Kayan Gyara: Wadda aka goge aka buga wa tambari ke nan. Sabuwa ta asali ko dubu 60 ba ka samu.

Ɗan Runji: Da wannan kuɗi gara Alhaji ya sai jaki, shi iskarsa ba ta son sansa.

Hajiya Injiniya: Alhaji, kafin ka kashe ko sisi: kashe mota, zare soket, kwance sukurori biyun, ɗago ta a hankali. Leƙa can cikin ramin, wayoyi biyu ne ƙanana. Ɗan ƙwallon da ke gefe na zafin iska ne, mutane da yawa shi suke wankewa su ce sun gama. Fesa maganin da aka rubuta na MAF ne, wato na sansar iska, sau goma zuwa sha biyar, ba taɓawa. Bar ta minti goma sha biyar ta bushe, duba robar bakinta, mayar, a goge lambar. Ka yi tafiya kamar zuwa Dange ka dawo, a sake karanta LTFT. Ka kuma buɗe akwatin filta. In ka ga ƙura a bayan filta, ɓangaren injin, ko sabuwar sansa ka sa za ta sake toshewa.

Mai Sienna: Filtar ma ai ita ce masifar. Ta kasuwa takarda ce kawai, robar gefenta ba ta zama daidai. Ga hunturu ya shigo, ƙurar Sakkwato sai ta bi ta gefe.

Baba Garejin Kara: A busa ta da kwamfuresa, ta yi wata shida.

Hajiya Injiniya: A'a Baba, iska mai ƙarfi na buɗe ƙofofin takardar. Ɗaga ta ga rana bayan an busa, za ka ga huji.

Direban Illela: Duk ku bar filta. Man bumburutu ne ke kashe motocinmu, jarka duk ƙasa da ruwa. Wa ke duba abin da ake sayar mana a bakin titi?

Ɗan Mabera: Hajiya, na buɗe. Akwai ƙura ja a bayan filta, kuma tiyon ya ɗan tsage a ƙasa wajen lanƙwasa. Wanne zan fara? A ina kuma ake samun feshin?

Mai Kayan Gyara: Maganar Direba a kan man fetur gaskiya ce. Ko a gidan mai ma, lita goma ba ta cika galan mai lita goma.