Zare yana tsinkewa inda na haɗa tishat da atamfa

Assalamu alaikum ƴan uwa teloli, don Allah ku agaza mini, wannan ɗinki ya tsaya mini a rai.

Ina nan Yamai, ƴaƴana mata uku ne. Ganin tsadar yadi sai na sayo tishat na gwanjo a kasuwar Wadata, na yanke su daidai ƙugu, na tattare ƙyallen atamfa na haɗa daga ƙasa ya zama doguwar riga. A ido dai sai masha Allah.

Wajen haɗin ne abin ya gagare ni. Tishat yana miƙewa, atamfa ba ta miƙewa. Kekena Butterfly ne na ƙafa, miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, ba ya zigzag. Wani wurin allurar ta tsallake, wani wurin bakin ya yi lanƙwasa-lanƙwasa kamar ganyen salati. Jiya ƙaramar tana zura kai na ji ƙas-ƙas, zaren ya tsinke tun daga gefe har ciki. Ta tsaya tana kallona, idonta ya kawo ruwa, ita da ta kwana tana murnar rigar.

Na sauya allura daga lamba 16 zuwa 14, na sassauta zaren sama, na ma shimfiɗa takarda ƙarƙashi. Tsallaken ya ragu, tsinkewar tana nan.

An ce akwai allura mai dakusasshen baki ta kayan roba, a ina zan same ta a Yamai? Ko kuwa siririyar roba zan fara ɗinkawa a ƙugun kafin atamfar? Wadda ta taɓa yi da irin kekena ta faɗa mini yadda ta bi.