An ba ni aiki a ofishin da ake bayar da lasisin aure, na rasa yadda zan yi

Maman Ikram:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani abu ne ya hana ni barci kwana uku, na ce bari in kawo muku. Shekarata tara a Amurka ina aikin kula da tsofaffi, kusan duk na dare. Makon jiya aka kira ni cewa na samu aiki a ofishin magatakardan gundumarmu. Aikin rana ne, ga inshorar lafiya ni da yarana biyu. Har sujada na yi.

Da na je aka zagaya da ni, shugabar sashen ta nuna min taga ta uku, ta ce nan ake bayar da lasisin aure, kuma kowa yana zama a wurin sau ɗaya a mako. Muna tsaye sai ga wasu maza biyu, ɗaya har da furfura, sun ciri lamba suna jira. Ma'aikaciyar ta duba katin shaidarsu, ta karɓi kuɗi, ta sa hannu, ta buga hatimi. Ko minti goma ba a yi ba. Mai furfurar ya riƙe takardar da hannu biyu kamar za ta fashe.

Ni a wurina aure tsakanin namiji da mace ne, ban canja ba. Ban kuma ji ƙin mutanen nan a raina ba. Hannuna ne kawai nake tsoro. Idan na sa hannu, na shiga ciki ke nan? In kuwa na ƙi, ɗaure ni za a yi kamar matar nan ta jihar Kentucky da ta ƙi bayar da lasisin aure?

Abu Sadik:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, matsayinki daban, na matar Kentucky ɗin, wato Kim Davis, daban.

Ita zaɓaɓɓiya ce, a 2015 ita ce magatakardan gundumar Rowan ɗungurungum. Da Kotun Ƙoli ta halatta auren jinsi a duk ƙasar a shari'ar Obergefell, ranar 26 ga Yunin 2015, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ba janye hannunta kaɗai ta yi ba. Rufe tagar ta yi wa kowa, har mace da namiji, ta kuma hana mataimakanta bayarwa saboda sunanta ne a jikin takardar. Da aka tambaye ta da ikon wa, ta ce da ikon Allah. Alƙali David Bunning ya ba ta umarni ta ƙi bi, shi ne ya tura ta gidan yari ranar 3 ga Satumba bisa laifin raina kotu. Kwana biyar ta yi. Tana ciki, biyar daga cikin mataimakanta shida suka ci gaba da bayarwa.

Abin da ya fi ba ni takaici, maganin mai sauƙi ne: daga baya jihar Kentucky ta cire sunan magatakarda daga takardar. Ita kuwa ta faɗi zaɓe a 2018, sannan a 2023 aka yanke ta biya wasu maza biyu da ta hana lasisi diyyar dala 100,000, ban da kuɗin lauyoyinsu da ya kai kusan dala 260,000.

Ke ma'aikaciya ce, dokar kare haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964 ta shafe ki. Ta wajabta wa wurin aiki ya sassauta wa ma'aikaci saboda addininsa muddin hakan ba zai jawo babbar wahala ba, kuma a 2023 Kotun Ƙoli ta ƙara wa wannan ƙarfi a shari'ar wani ma'aikacin gidan waya da ba ya aiki ranar Lahadi. Jihohi ma sun bambanta. A North Carolina jami'i na iya janyewa, amma daga dukkan aure zai janye, aƙalla wata shida. Alabama kuwa tun 2019 ta daina bayar da lasisi, takarda ake cikewa a kai a yi rajista. Ki duba dokar jiharki, ki nemi musanya ranar tagar a rubuce tun kafin ki fara, ba ranar da mutane ke tsaye a gabanki ba.

Kawu Mai Ritaya:

'Yata, ni aikin gwamnati na tsufa a ciki. Sa hannun akawu ba albarka ba ne, shaida ce cewa takardu sun cika, shekarun mutum sun kai, babu wani auren a kansa. Ba ke ce waliyyiya ba, ba ke kika ɗaura ba. Amma wannan fahimtata ce, ba fatawa ba, ki tambayi malamin da ya san zaman ƙasar nan.

Idan kuma zuciyarki ta ƙi, hanyar mutunci a buɗe take. A shekarar nan ta 2015 akwai magatakardan da suka ajiye aiki salin-alin, suka haƙura da albashi. Waɗannan ina ganin girmansu. Wanda ba na gane wa shi ne mai cin albashin kujera, ya yi rantsuwar bin doka, sannan ya kulle ƙofar da ba tasa ba. Ba a cin biki biyu da ciki ɗaya.

Hajiya Uwani:

Kawu, a gafarce ni, ajiye aiki yana da sauƙin faɗa ga wanda fanshonsa ke shigowa. Baiwar Allah nan yara biyu gare ta. Kuma in duk mai addini ya tattara ya bar aikin gwamnati, su wa za su rage a ciki?

Amma ƙanwata, ki ji wannan ma. A 2009 wani ƙaramin alƙali a Louisiana, Keith Bardwell, ya ƙi ɗaura wa wani baƙar fata da Baturiya aure, alhali Kotun Ƙoli ta halatta irinsa tun 1967. Shi ma cewa ya yi ra'ayinsa ne, har abin ya kai shi ga murabus. Ni ranar da na je sabunta lasisin tuƙi da hijabina, gabana faɗuwa yake yi kada mai ɗaukar hoton ya ce sai na cire. Bai ce ba, don doka ba ta bar wa ra'ayinsa wannan ba. Dokar da ta kare ni ran nan ita ce ta kare mutanen da kika gani. Ki nemi a musanya miki, haƙƙinki ne. Sai dai ki yanke shawara tun yanzu: ranar da abokiyar aikinki ba ta zo ba, ke kaɗai ce a tagar, me za ki yi?

Maman Ikram:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya Uwani, tambayarki ta tsaya min a wuya, don mu huɗu ne kawai a sashen, dole irin ranar nan ta zo. Na rubuta wa shugabar takarda ina roƙon a ba ni tagar rajistar filaye a madadin ta aure, in riƙa karɓar yammacin Laraba da kowa ke gudu. Gobe bayan la'asar zan ga limaminmu. Ranar Litinin suke jiran amsata.