Za a iya auna iskar oksijin ta ɗan tayi ta saman ciki?

Ungozoma_Ladi:
Salamu alaikum likitoci. Na'urar da muke maƙala wa majiyyaci a yatsa da haske kawai take auna oksijin. Me ya hana a ɗora irinta a cikin mai naƙuda a ga halin da ɗan tayi ke ciki, tunda CTG, na'urar da ke bin bugun zuciyar ɗan tayi da ciwon naƙuda, na yawan tayar da hankali alhali jaririn lafiya lau?

Dr_Mata:
Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. An taɓa gwadawa, sai dai ta ciki aka bi. A 2000 Amurka ta amince da na'urar OxiFirst, wadda ake zurawa ta bakin mahaifa bayan faya ta fashe, ta kwanta a kuncin jariri. Oksijin ɗin ɗan tayi a naƙuda yakan tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 70 cikin ɗari, sai ya sauka ƙasa da 30 ake damuwa. A 2006 wani bincike kan mata 5,341 ya nuna ba ta rage yawan tiyatar haihuwa ba, aka daina sayar da ita. Ta saman ciki har yanzu gwaji ake yi.

Injiniya_Bala:
Hajiya, zurfi ne matsalar. Ta yatsa tana aiki da jan haske mai nanomita 660 (ma'aunin tsawon zangon haske) da wani da ido ba ya gani mai 940. Jan ba ya ratsa kitse da tsoka da bangon mahaifa, don haka ake komawa wajen 740 da 850. Haske kuma lanƙwasa yake yi cikin nama, zurfin da yake kaiwa kusan rabin tazarar da ke tsakanin fitila da makarɓin haske ne. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suna jera makarɓai daga santimita 1.5 har 10. Na kusa bugun uwa kaɗai yake gani, na nesa yana ganin na uwa da ɗa a cakuɗe, sai kwamfuta ta cire na farko daga na biyu.

Inda ake shan wuya: bugun uwa kan bar amsa-kuwwa a ninkinsa, idan zuciyar uwa na bugun 75 a minti, ninkinsa 150 ne, daidai cikin 110 zuwa 160 na ɗan tayi, sai na'ura ta ɗauki amsa-kuwwar uwa a matsayin bugun ɗa. Ƙara ƙarfin fitila ba mafita ba ne, don fitila na ɗumama fata, fata kuwa ba ta son wuce digiri 41 na Salsiyas.

Dr_Mata:
Injiniya, ga kuma batun daidaita awo. Ta yatsa da manya masu lafiya ake daidaita ta, a rage musu iska a ɗebi jininsu a kwatanta. Ba mai yi wa ɗan tayi haka, shi ya sa ake amfani da tumaki masu ciki. Baƙar fata ma tana shanye haske, sai an gwada a kan mata irin namu kafin a yarda da lambar da ta nuna. Ladi, a yanzu dai ki riƙe Doppler ko Pinard, kayan sauraron bugun zuciyar ɗan tayi: duk minti 15 zuwa 30 a matakin farko na naƙuda, duk minti 5 in an fara nishi, ki saurara na minti ɗaya cur bayan ciwon ya lafa.