Mai ƙarfin bugu ya yi bant idan an bar masa gefe a buɗe?

Bahago44: Jama'a, tambaya gare ni kan besbol. Masu tsaro sun tattaru a dama don tare bahagon mai bugu da ke jan ƙwallo can, sun bar bes na uku wayam (bes su ne tashoshin da mai bugu ke bi ya komo gida ya ci). Me zai hana shi tara sanda, ya gangara ƙwallon hagu (wato bant), ya taka bes na ɗaya? Ko girman kai ne?

Mai_Lissafi: Lissafi na bayanka, Malam. In yana cin bant ɗaya cikin biyu, yana hawa bes da .500 ke nan, alhali gwanaye ma .400 suke fafutukar samu. Sai dai a duba hali. In shi ke buɗe zagaye, ko ana gabansu da ci 2 a zagaye na 9 babu kowa a bes, ya yi. In an fitar da mutum biyu kuwa, bant kusan aikin banza ne, don galibi sai an ƙara bugu biyu kafin ya iso gida. Nan hom ran ɗinsa ake so, wato bugun da ke tsallake shingen fili ya kai shi gida kai tsaye.

Tsohon_Koci: Wannan .500 ɗin a takarda yake. Bant mai laushi mai jifa zai tsince, ƙafa 60 da inci 6 ne kawai tsakaninsa da wurin bugu, kuma waɗannan ƙattin ba gudu gare su ba. Dole a tura ƙwallon da ƙarfi ta wuce shi, kusa da layi. Kan sanda ya ɗara hannu tsayi. In jifa ta yi ƙasa a durƙusa da gwiwa, kada a sauke sandar, in ba haka ba ƙwallo ta tashi sama a cafe. Ga shi ana jefa masa ta jikinsa da gangan don ya ja dama, kuma mayar da irin wannan jifa hagu, tana gudun mil 95 a awa, ba wasa ba ne. Ta fita layi, sitiraik, wato an rubuta masa kuskure ɗaya. In ya riga ya sha biyu, an fitar da shi.

Hajiya_Fenway: In ta yi kyau dai har bes biyu take bayarwa, haka Robinson Canó ya yi wa ƙungiyar Red Sox a 2013. Ted Williams ma, wanda kocin Cleveland, Lou Boudreau, ya shirya wa wannan tsaron a 1946, ya yi bant a World Series, jerin wasannin ɗaukar kofi na shekarar. Amma ɗan'uwa, tun 2023 MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ta wajabta masu tsaro biyu kowane gefen bes na biyu. Giɓin ya ragu, sai in mai tsaron bes na uku ya matsa tsakiya sosai.